Igiyar da Baƙo Ya Naɗe

Akwai garuruwan da aka gina su yadda mai laifi zai samu wurin ɓuya. Wannan gari ba ya cikinsu.

Ƙaramin gari ne a bakin teku, ya jingina da dutse kamar yadda tsoho kan jingina da bango. Mutum kan taso daga wannan gefe da ƙafa, kafin shayin da ya sha ya gama sauka ya kai wancan. Lungunansa matsattsu ne, an shimfiɗe su da duwatsu, tafin ƙafar mutane ya goge su har suna sheƙi. Mota ba ta shiga, a can saman dutse ake barinta. Kuma duk lungun da ka ɗauka, ko ka so ko ka ƙi, gangarawa zai yi da kai har tashar jiragen ruwa.

A kwanakinsa na farko Mai-agogo ya ɗauka aljannar duniya ya shigo. Mutumin tudu ne, gyaran agogo ya gada, bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu faɗi ba. Ya yi ta yawo kamar wanda aka yi wa sabon takalmi. Ya hau matakala, ya sauka matakala. Ya tsaya kallon shanya da aka rataya daga taga zuwa taga. Ya shaƙi ƙarnin kifi gauraye da ƙamshin burodi, ya lashi leɓensa ya ji gishiri, ya yi dariya shi kaɗai. Ya je har gindin hasumiyar fitila ya zauna, fararen tsuntsayen teku suna ta yi masa tsiwa a ka.

Abin da ya fi burge shi, a garin nan kowa na ganin kowa. Mai burodi na hango mai ɗinkin komar kamun kifi, mai ɗinkin koma na hango tagogin asibiti a can sama. Har ya taɓa ce wa budurwarsa Auta, "Garinku kamar agogon da aka buɗe wa baya ne. Komai a fili, kowane haƙori na taɓa ɗan'uwansa."

Yau abin da ya burge shi shi ne ya zame masa azaba.

Tafiya yake kansa a ƙasa. Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Matan da ke sayar da kifi suna cikin hira, yana doso su sai hirar ta mutu. Sai ya wuce sannan ya ji wata ta ce, ƙasa-ƙasa, amma ba ƙasa sosai ba:

"Ai shi ne mai naɗin."

"Allah sarki. Ga shi da ganin hankali."

"Hankalin tudu daban, na ruwa daban."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ƙasar garin nan dutse ce, ba ta tsagewa.

*

Saboda Auta ya zo. Can garin su Mai-agogo ta yi karatun jinya, ta kawo masa ɗan agogon nan da ma'aikatan asibiti ke maƙalawa a ƙirji, ya gyara agogon, shi kuma ya lalace a sonta. Da ta gama ta koma gida, sai ya kulle shagonsa ya biyo ta, ya zo ya gai da mahaifinta kafin ya turo manya.

Mahaifin nata shi ne matuƙin jirgin fito, wanda ke kai mutane da kaya wancan hayin ya dawo da su. Kowa Baba yake ce masa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ranar da Mai-agogo ya durƙusa gabansa, bai dubi fuskarsa ba, hannuwansa ya duba, farare sumul ba ko kanta.

"Da waɗannan kake ci?" ya tambaya.

"Da su nake ci, Baba."

"To, Allah ya sa albarka."

Iyakarta ke nan. Amma duk garin an san inda zuciyar Baba take. Akwai Dogo, mai kama igiyar jirgi, maraya ne da Baba ya raina tun yana ƙarami. Shi ake sa ran zai gaji jirgin, kuma shi Baba ya so ya gaji Auta. Dogo bai taɓa ɓoye son da yake mata ba. Ita ce ta ce ita a wurinta yaya ne, ba a auren yaya.

To, mutumin da ya ga ana auna shi da wani, hankalinsa kan ragu. Mai-agogo ya riƙa zuwa tasha kullum da safe yana neman abin da zai yi Baba ya gani.

Ranar da abin zai faru, Dogo na can yana taya loda buhuna. Mai-agogo ya hango igiyar jirgi, katuwa kamar damtsen mutum, a yashe bisa dakalin dutse, an shimfiɗa ta kai da komowa, dogo-dogo, ba kyan gani. Bai san da gangan ake yi mata haka ba. Idan jirgi ya tashi igiyar kan bi shi da gudu, to shimfiɗar nan ce ke sa ta zare salin-alin ba ta sarƙe ba. Wannan kowa ya san shi a garin, kamar yadda kowa ya san ba a tsayawa a tsakiyar igiya.

Shi kuwa mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana mayar da abu mazauninsa. Idonsa bai iya ganin hargitsi ya ƙyale. Ya sunkuya ya kama naɗi. Ya tsaya a tsakiya yana zagaya ta a kewayensa, zobe bisa zobe, tsaf-tsaf, kamar siririn ƙarfen nan da ke nannaɗe a cikin agogo. Da ya gama ya miƙe yana share gumi, yana jiran Baba ya waiwayo.

Sai jirgi ya yi ƙaho. Inji ya ɗauka.

Ya ji ana ihu ta ko'ina, "Fita! Fita!" Har ya juya ya ga wa ake wa ihu a bayansa.

Bai ga tahowar Dogo ba. Kafaɗa kawai ya ji ta doke shi a ƙirji, ya faɗa can gefe cikin kwandunan kifi. Zoben da ya nufi ƙafarsa ya rufe a kan idon sawun Dogo, ya fizge shi, ya maka shi da turken ƙarfen da ake ɗaure jirgi. Aka ji ƙas, kamar an karya busasshen icce.

Dogo bai yi kuka ba. Mai-agogo ne ya yi.

*

Tun ranar jirgin fito ke ɗaure. Dogo na asibiti, likita ya ce a jira a ga ko ƙafar za ta koma. Mai-agogo bai je duba shi ba. Kullum sai ya hau matakalar asibitin, ya kai rabi, ya juyo.

Yau Baba ya aiko kiransa, shi ya sa ya ratsa ta gaban masu kifi.

Ya same shi a ɗakinsa mai taga ɗaya da ke kallon ruwa. Gwaggon Auta, ƙanwar Baba, na zaune a bakin gado ta haɗe rai. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Shigo ciki," in ji Baba. "Ba faɗa na kira ka in yi maka ba."

"Da ka yi mini, Baba, da na fi jin daɗi."

"Na sani. Shi ya sa ba zan yi ba." Ya murza gemu. "Na san alheri ka nufa. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Mugu ana iya tsare shi. Mai alherin da bai san gari ba, da me za a tsare shi?"

Gwaggo ta yi tsaki. "Yaya, kana ta zagaye-zagaye. Garin gyaran gira an tsone ido, shi ke nan magana. Kai ɗan nan, in tambaye ka mana. Ka ci ƙafar yaro, yanzu kuma so kake ka haɗa da matar? A garinku haka ake yi?"

"Ya isa," in ji Baba.

"Bai isa ba! Wa ya kira shi? Ana zaune lafiya, ruwa na gudu, jirgi na gudu, ya zo da hannuwansa kamar na amarya..."

"Na ce ya isa."

Ta ja bakinta ta rufe, amma idonta ya ci gaba da magana.

Baba ya juya ga Mai-agogo. "Yaron nan a hannuna ya tashi. Ba shi da kowa sai ni, ba shi da komai sai ƙafafunsa. In ƙafar nan ba ta koma ba, ka gaya mini, me ya rage masa? Ni ba zan tsaya a tashar nan in ɗaura wa 'yata aure da kai, yana kallo daga kan sanda ba. Ba zan iya ba. Kai ma in kana da kunya ba za ka so ba."

Kunya kuwa yana da ita. Ita kaɗai ma ta rage masa.

"Ka koma gida, ɗana. Allah ya ba ka wadda ta fi ta."

Mai-agogo ya buɗe baki. Ya nemi kalma ko ɗaya da zai kare kansa da ita, ya rasa. A ransa ma wani sanyi ya ji, sanyin wanda aka yanke wa hukuncin da ya daɗe yana yanke wa kansa.

"To, Baba," ya ce.

*

Da la'asar ya ɗauki jakarsa. Hanyar fita garin ɗaya ce, doguwar matakalar da ke hawa zuwa inda motoci ke tsayawa, kuma ta ƙofar bayan asibiti take bi. Ya so ya wuce da sauri.

Tana zaune a kan matakalar cikin fararen kayan aiki, agogon da ya gyara mata na maƙale a ƙirjinta.

"Na hango ka tun daga ƙofar masauki," ta ce. "Ka manta garinmu ba a ɓuya?"

"Auta..."

"Ko sallama babu?"

"Da wace fuska?"

"Da wadda ka ce kana sona da ita. Ko ita ma ka naɗe ta ka sa a jaka?"

Ya ajiye jakar. Ya zauna nesa da ita, matakala biyu a ƙasa, ya ba ta baya, don bai iya haɗa ido da ita.

"Baba ya yi gaskiya," ya ce. "Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Mutumin nan ya ba ni raina. Da bai ture ni ba, ni da ban iya ruwa ba, da yanzu ana nemana a ƙasan teku. Me nake da shi da zan ba shi? Shagona? Ya yi me da shi? Abu ɗaya ne a duniya na san yana so wanda ke hannuna."

Sai ya ji numfashinta ya canza.

"Maimaita," ta ce.

"Auta, ki fahimce ni."

"A'a, maimaita. Me ke hannunka?"

Ya ƙura wa jakarsa ido.

"Ni ce a hannunka? Yaushe aka ba ka ni har da za ka kyautar? Baba yana jin nauyin Dogo, zai sauke da ni. Gwaggo tana jin haushi, za ta huce da ni. Kai kana jin kunya, za ka wanke da ni. Kowa ya ɓata ruwa ni ce sabulu. Akwai wanda ya tsaya ya tambaye ni?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba."

"Kullum ba haka kake nufi ba! Igiyar ma ba haka ka nufa ba!"

Maganar ta shige shi kamar allura. Ita ma ta ji ta yi nisa. Ta rufe fuska da tafin hannu ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana danne shi. Shi ma hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Ka san abin da nake ciki?" ta ce cikin kuka. "Ni ke wanke masa ciwon nan kullum. Ni. Ina kwance bandeji, yana yi mini wasa don kar in yi kuka. Tun ina rarrafe yake goya ni. Ina tausayinsa har cikin ƙashina. Amma tausayi ba so ba ne. Na gwada, wallahi na gwada, na ce zuciya ki juya, ta ƙi. Sai in fito in leƙa taga in gan ka a rabin matakala, ka tsaya, ka juya. Kullum. Shi ma yana ganinka, gadonsa a bakin tagar yake."

Mai-agogo ya waiwayo. "Yana ganina?"

"Har suna ya sa maka. Wai agogon da ke zuwa rabi ya tsaya."

Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa.

"Kana ganin tafiyar nan taka halin girma ne," ta ci gaba, tana share ido da bakin gyale. "Za ka koma garinku ka zauna a shago kana jin kanka mutumin kirki wanda ya sadaukar. Ƙarya ne. Gudu kake. Ka fi son ka rasa ni da ka hau matakalar nan ka kalli ƙafarsa."

Abin da ya dame shi shi ne, bai san ko gaskiyarta ba ce duka, ko rabi. Mutum na iya yin abu ɗaya saboda dalili biyu, mai kyau da mummuna, su cakuɗe har shi kansa ya kasa rabewa.

"In na je me zan ce masa?"

"Ban sani ba. Ni ba zan sa maka magana a baki ba." Ta miƙe, ta cire agogon daga ƙirjinta ta ajiye a kan jakarsa. "In ka wuce sama, ka tafi da abinka. In ka shiga, ka kawo mini da hannunka."

Ta shige ta ƙofar baya ba ta waiwayo ba.

*

Ɗakin maza ƙarami ne, yana warin magani. Dogo na kwance a bakin taga, tsawonsa ya fi gadon, an ɗage ƙafar a kan matasai an naɗe ta fari fat. Ya rame. Amma da ya ga wanda ya shigo sai haƙoransa suka bayyana.

"A'a! Yau agogo ya cika awa. Wa ya ɗaura maka batir?"

Mai-agogo ya zube a gaban gadon. Duk abin da ya shirya ya gudu. "Ka yafe mini," kawai ya iya cewa, ya yi ta maimaitawa, kuka na cin ƙarfinsa.

"Kai, tashi, ɗan tudu. Mutane za su ce mutuwa na yi. Tashi ka zauna, ka kiyayi ƙafar dai, kar ka ga bandejin bai yi maka kyau ba ka ce za ka gyara."

Wani tsoho a gadon gefe ya tuntsire da dariya har da tari.

Mai-agogo ya zauna a gefen kujera. "Tafiya zan yi," ya ce. "Na gaya wa Baba. Na janye. Auta..."

Murmushin Dogo ya ɗauke kamar an hure fitila.

"Ka janye."

"Shi ne kaɗai abin da zan iya yi maka."

"Matso nan." Ya matso. Dogo ya kama wuyan rigarsa da hannu ɗaya, hannu kamar itacen jirgi, ya jawo shi har suna jin numfashin juna. "Ka ga na yi maka kama da mai bara? Na ture ka don kana tsaye a cikin igiya. Ko akuya ce a wurin zan ture ta. Ban ture ka don ka biya ni da mace ba."

Ya sake shi.

"Ka san abin da za a ce a garin nan? Dogo ya kasa samunta da ƙafa biyu, ya same ta da ɗaya. Kullum ta kawo mini abinci in dubi idonta in ga tausayi. Wannan kake so ka bar mini? Ƙafa ka karya, yanzu kuma za ka haɗa da mutunci?"

"To me zan yi?" Mai-agogo ya ce. "Gaya mini. Wallahi ban san daidai ba kuma."

"Kar ka ɗauka na bar maka ita," in ji Dogo. "Ina sonta tun kafin ka san akwai teku a duniya, kuma ban fasa ba. Zan tashi. Ko da sanda ne zan tashi. Ranar da na tashi mu je gaban Baba ni da kai, a kira ta, ta faɗa da bakinta. In ta ce kai, in haɗiye. In ta ce ni, ka hau dutsenka. Amma ka gudu ka bar ni da nasarar da ba tawa ba, wannan ban yafe ba."

Ya juya kai wajen taga. Daga nan ana ganin garin duka kamar a tafin hannu, jajayen rufi suna gangarawa, da tasha, da jirgin fito a ɗaure yana rangaji.

"Dubi can. Tsoho ya ƙi ɗaukar kowa a madadina, wai kar in ji an maye gurbina. Mutanen hayi suna ta zagaye ta bayan dutse da kayansu a ka. Shi kuma yana zaune a ɗaki yana tsufa. Yau zan aika masa gobe ya tashi jirgi, in ce na samo mai kama igiya."

"Wa?"

Dogo ya dube shi.

"Ni? Ni da na..."

"Kai. Ai duk garin nan ba wanda zai ƙara kiyaye igiya kamarka. Miƙo mini ɗamarar can."

Ya ɗauko ɗamarar rigar asibiti. Dogo ya kama ƙarfen gado ya mai da shi turke. "Kalli nan. Ba zobe ake yi ba, mai naɗi. Ka kai nan, ka dawo nan, ka gicciye. Ƙafarka kullum a waje. Yi in gani."

Ya yi. Ya kwance. Ya sake yi.

"Kai, wannan hannu! Da shi kake taɓa cikin agogo? Sake."

Suna nan har rana ta yi ja a kan ruwa. Da Auta ta shigo da tiren magani ta gan su, ta tsaya cik a bakin ƙofa. Mai-agogo ya tashi ya miƙa mata agogonta da hannu biyu. Ta karɓa, ta maƙala, ta wuce wajen Dogo ta fara kwance bandeji.

Wannan karon bai kau da kai ba. Ya tsaya ya kalli ƙafar.

*

Da safe labari ya riga shi isa tasha. A garin da kowa ke ganin kowa, ba a bukatar mai shela. Masu kifi sun bar kwandunansu, mai burodi ya fito da gari a hannu, Gwaggo na tsaye ta riƙe ƙugu.

Saƙon Dogo ya isa ga Baba, wani tsohon masunci ne ya kwance masa jirgi da asuba aka yi sawun farko. Yanzu yana dawowa daga hayi cike da mutane. Mai-agogo ya ratsa taron ya je ya tsaya a gindin turken ƙarfen. Har yanzu akwai ɗan duhu a jikin dutsen wurin, wanda ruwa bai gama wankewa ba.

"Lallai wani ba shi da ta ido," in ji Gwaggo da ƙarfi. "Jama'a ku janye ƙafafunku!"

Aka yi dariya. Ya ji ta har cikin ɓargo. Bai motsa ba.

Jirgi ya matso, inji ya rage. Baba ya fito gaba da igiya a hannu. Ya duba dakali yana neman wanda Dogo ya ce ya samo. Idonsa ya sauka a kan Mai-agogo.

Fuskarsa ta ɗaure.

Jirgin na ta matsowa. In ba a jefa igiya yanzu ba zai doki dutse. Tsohon masuncin ya taso da sauri yana miƙa hannu, "Jefo nan, Baba, jefo nan!"

Baba bai dube shi ba. Ya ɗaga kai can sama, wajen tagar asibiti. Mai-agogo ma ya ɗaga. Mutum biyu ne a tagar, ɗaya a kishingiɗe, ɗaya a tsaye cikin fararen kaya. Daga nan ba a iya gane wanda take kallo.

Sai igiya ta taso a iska.

Ta faɗo masa a ƙirji da nauyinta da jiƙarta. Ya cafke. Ta zare a tafinsa kamar wuta, ya ji fata ta tafi, bai saki ba. Ya kai nan, ya dawo nan, ya gicciye. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara, ta tsaya. Jirgi ya jingina da dakali a hankali.

Sai a lokacin ya dubi ƙasa. Ƙafafunsa duka biyu a waje suke.

Ba wanda ya tafa. Mutane suka fara sauka da kayansu suna ratsa shi. Baba ne ya sauko a ƙarshe. Ya duba ɗaurin, ya taɓa shi da ƙafa. Sannan ya kama hannuwan Mai-agogo ya juya su, ya daɗe yana kallon jinin da ke tsattsafowa a tafin.

"Na ce ka koma gida."

"Ka ce, Baba."

"Ka ƙi ji."

"Na ƙi ji, Baba. Ka yafe ni."

Dattijon ya saki hannuwan. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ka je sama a ɗaure maka wannan. Ba Auta ce za ta ɗaure ba, ka nemi wata. Gobe ka riga ni zuwa. Kuma ka ji ni da kyau, yaro. Igiya na jefa maka. Igiya kawai."